Layin Kanti: Kwana Biyu a Tsohuwar Hanyar Jirgin Kuza

Ranar wata Asabar cikin watan Disamba na bar Kaduna da sassafe, jakata ɗauke da tef ɗin awo, da ƙaramar guduma, da tocila, da littafin rubutu. Wasu magada ne suka nemi a duba musu tsofaffin kantuna huɗu da suka gada a wani gari da ke kan hanyar Zariya zuwa Jos, kafin su yanke shawarar rushewa ko gyarawa. Da yake maganar rabon gadon ba ta ƙare ba, sun roƙi kada in kama sunan garin ko na gidansu, kuma zan cika musu wannan alkawari.

A tashar Kawo na biya Naira 3,000 zuwa Zariya, muka tashi bakwai saura. Rigachikun, Mararraban Jos, Birnin Yero, Jaji, duk cikin hazo muka wuce su, direba na tafiya da fitila a kunne. Shinge biyu muka tarar, ba wanda ya riƙe mu fiye da minti biyu. Mai sauri zai iya karyawa tun daga Mararraban Jos ya bi ta Pambeguwa, amma ni da gangan na zaɓi zagaye, domin duk mai son ya gane kantin ƙauye a ƙasar Zazzau sai ya fara ganin uwar kantin a Sabon Garin Zariya.

Na sauka a Kwangila na hau keke napep zuwa PZ. Yara da yawa a Zariya kullum sunan nan yana bakinsu, ba su san cewa sunan kamfanin Paterson Zochonis ne ya bi unguwar ba, kamar yadda Kantin Kwari a Kano ya samo nasa daga Kwarori, wato 'yan kasuwar Siriya da Labanan. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma bayansa kamfanonin Turawa suka biyo suna kama filaye kusa da tashar jirgi: John Holt, da G.B. Ollivant, da CFAO na Faransawa, da Kamfanin Neja wanda a 1929 ya haɗu da wani ya zama UAC. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije, ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, sannan a 1922 aka buɗe gonar bincike a Samaru. Tsarin mai sauƙi ne. Jirgi ya kawo gishiri da kananzir da yadi daga Ikko, a jibge a manyan sito na Sabon Gari, daga nan a rarraba wa ƙananan kantuna a garuruwan karkara. Su kuma su turo auduga da gyaɗa da fata. Har yau wanda ya taka da ƙafa tsakanin PZ da tashar jirgi zai ga ragowar irin waɗannan sito masu dogon rufi, sun maƙale a tsakanin sababbin benaye.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin jirgi da mutanen yanzu suka manta da shi. Daga Zariya ya tashi, ya isa Jos da Bukuru a 1914, an shimfiɗa shi ne domin ɗauko kuza. Faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi ne, alhali babban layi ƙafa uku da rabi. Yana tsayawa a Soba, da Dutsen Wai, da Kudaru, da Rahama, da Jengre. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 sai kayansa suka ragu, a 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarafan. Garin da na nufa yana cikin yankin da wannan jirgi ya raya.

Na karya da waina da miyar taushe na Naira 1,000, na shiga wata tsohuwar Golf da ta ɗauki mu shida da buhunan taki biyu a kan Naira 2,500. Mun tsallake Galma ta Dakace, mun wuce Maigana. Hanyar tana da wuraren da suka farfashe, direba na kauce wa rami yana gaida abokan aikinsa da hon. Gefe da gefe kuwa kaka ce sosai: masara a shanye, dawa an karya, manyan motoci na lodin buhuna. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin jakata, ya ga guduma da tef, ya ce, "Malam magini ne?" Na ce e. Ya ce Allah ya ba da sa'a, muka wuce.

Kafin azahar na sauka. Babban cikin magadan, dattijo mai kusan shekara tamanin, shi ya tarbe ni, kuma bai bari na taɓa bango ba sai da ya kai ni na gai da mai gari. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Baƙon da aka gani yana auna gini da tef a ƙauye ba tare da an san da zuwansa ba, kafin la'asar labari ya zaga cewa gwamnati za ta yi rusau. Bayan mun yi salla mun sha fura, sai ya ce, "Taso ɗana, mu je ka ga layin kanti."

Layi ne guda mai fuskantar wani fili da yanzu ake lodin masara a cikinsa. Baba ya nuna filin da sandarsa ya ce nan ne fuloti, inda ake cin kasuwar auduga da kaka. Manomi ya kawo a jaki, malamin auduga ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, a biya shi. Kuɗin ba sa yin nisa, taku arba'in ne tsakanin sikeli da ƙofar kanti. Wannan shi ne abu na farko da tsohon kanti ke faɗa wa mai lura: inda aka ajiye shi. Idan aka rushe layin nan, ba wanda zai sake gane dalilin da ya sa garin ya baro gindin dutse inda tsohuwar unguwa take, ya miƙo wajen hanya.

Kanti na farko na jan bulo ne, kuma shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Na auna faɗinsa ƙafa 24, tsawonsa ƙafa 40, kaurin bango inci 14, daga daɓe zuwa inda rufi ya zauna ƙafa 12. An ɗaga daɓen ƙafa biyu daga ƙasa, da matakala uku. Gaba akwai baranda mai zurfin ƙafa 8, kuma ginshiƙanta huɗu ba katako ba ne, ba bututu ba ne, guntayen ƙarfen layin dogo ne sirara, waɗanda duk wanda ya san ƙarfen babban layi zai ga sun yi masa ƙanƙanta. Baba ya ce bayan an tashi ƙaramin jirgi mahaifinsu ya saye su ya maye gurbin na katako da gara ta ci. Ƙofa kuwa ganye biyu ce ta katako mai kaurin inci biyu, an ɗaure ta da ƙarafa uku a kwance, da sakata mai tsawon hannu daga ciki. Sama da ƙofa da tagogi an bar ramukan iska an sa musu raga. Ciki an raba shi biyu: gaba wurin ciniki, baya sito, da ƙofar lodi ta gefe wadda tsayinta ya yi daidai da bayan mota.

Kantar katakon tana nan inda aka kafa ta. Na haska tocila a bakinta na ga ƙusoshin tagulla guda biyar a jere, an buga su sun nutse cikin katakon. Na ɗora tef: daga ta farko zuwa ta ƙarshe inci 36 cif, wato yadi ɗaya, tsakanin kowace biyu inci tara. Da su ake auna akoko da alawayyo ba sai an nemi sanda ba. Tsakanin ƙusoshin katakon ya lotsa ya yi santsi kamar an shafa masa mai, saboda yawan jan yadi a kansa. Baba ya ɗora tafin hannunsa a wurin ya ce, "Nan na koyi lissafi. Kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam. Da aka kawo Naira a 1973 aka ce fam ɗaya Naira biyu, sai da muka yi wata muna rikicewa da mutanen ƙauye." A sito akwai sikelin ƙasa ƙirar Avery, ma'auninsa na laba ne ba kilo ba, an jingina buhunan taki a kansa. A cikin wani akwatin ƙarfe kuma akwai littattafan bashi uku, na farko da rubutun boko na wani akawu mutumin Kudu da ya riƙe kantin kafin rikicin 1966, sauran biyun da ajami, hannun mahaifin Baba. Sunan mutum, ƙauyensu, turmi nawa ya ɗauka, za a biya da kaka. Gara ta fara cin gefen ɗaya.

A ganina darajar ginin nan ba ta tsaya ga tsufansa ba. Bango da kanta da sikeli da littafi, a haɗe a wuri ɗaya, su ne ke ba da labarin yadda kuɗi suka shigo garin, da yadda ciniki ya fita daga hannun kamfani ya koma hannun 'yan ƙasa. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a 1949 sun mai da kamfanoni wakilan saye masu lasisi, daga baya 'yan kasuwarmu suka karɓi lasisin, dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, sannan a 1986 aka rushe hukumomin gaba ɗaya, fuloti ya mutu. Duk wannan ana karanta shi a jami'a, amma a nan ana taɓa shi da hannu. In aka kai sikelin gidan tarihi aka sayar da kantar ga mai tuya ta yi itace, kowanne ya zama tarkace.

Lafiyar wannan kanti da sauƙi. Kwanon rufinsa na asali ne, kaurinsa ya haura rabin milimita, alhali mai arahar da ake sayarwa yanzu bai kai rabin haka ba. Tsatsa ta kama shi a baki-baki da wajen ƙusoshi, amma jikinsa garau. Irin wannan ba a cire shi. A kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, a shafa jan fentin maganin tsatsa, a bi da fenti biyu. A sake ƙusoshin da suka saki, kuma a tudun kwano ake buga ƙusa, ba a kwarinsa inda ruwa ke bi ba. Wani ya riga ya yi faci da falle biyu na alminiyam a kusurwa, na ce a cire su, domin alminiyam da ƙarfe idan suka haɗu ga danshi, ɗaya yana cin ɗaya. Tsakanin bulo da bulo kuma kwaɓin ya zube a layuka biyar na ƙasa. Tsohon jan bulo yana da taushi, in aka cike shi da siminti mai ƙarfi, bulon ne zai riƙa ɓarewa ya bar simintin a tsaye. Kwanon sarki ɗaya na farar ƙasar gini da uku na yashi ya isa. In dole sai an sa siminti, to ɗaya siminti, biyu farar ƙasa, tara yashi.

Kanti na biyu shi ne ya tayar mini da hankali, ga shi kuwa daga waje ya fi kowanne kyan gani, an yi masa filasta an shafa shuɗin fenti. Ginin ƙasa ne na tubali, gindinsa ƙafa biyu, yana sirancewa zuwa sama, rufinsa na asali soro ne na azara, daga baya aka ɗora kwano a kai. Na bi bangon gabas da guduma ina ƙwanƙwasawa a hankali. Daga kafaɗa zuwa sama yana amsawa da ƙarfi, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa sai ka ji kamar kana buga ganga. Na nemi izini na ɓalle wuri kamar faɗin tafin hannu. Bayan simintin akwai rami da yatsu huɗu suka shige, ƙasar ta zama gari mai sanyi, ga hanyoyin gara sun yi sama kamar jijiyoyi. A watan Disamba ke nan, wata biyu da ɗaukewar ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, numfashinsa ke nan. Siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma ba ya kama ƙasa da gaske, zafi da sanyi suna motsa su daban-daban, sai ya tsage siriri. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya taru a gindi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara ma haka, ga duhu ga laima ga ba mai ganinta. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne titi. Duk lokacin da aka gyara hanya sai a ƙara mata birji, har ta zo ta fi daɓen kantin tsayi da kusan taƙi ɗaya, lambatun gaba kuma ya cike da leda da ƙasa. A yankinmu hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara mutuwa. Na hau tsani na leƙa tsakanin kwano da soro. Azarar kanta lafiya lau, giginya ba ta jin gara da sauƙi, amma bakunan guda bakwai da ke cikin bangon gabas sun ruɓe.

Na uku an fasa masa gaba an faɗaɗa ƙofa don a sa ta ƙarfe mai naɗewa, ba tare da an ɗora abin da zai ɗauki nauyin sama ba, tsaga ta tashi daga kusurwar ƙofar ta yi sama a karkace. Na huɗu bangon bayansa ya zauna tun daminar da ta wuce, awaki ke kwana ciki.

Garin ba shi da masaukin baƙi na kuɗi. A ɗakin da ke jikin zauren Baba aka sauke ni, aka kawo tuwon masara miyar kuka da man shanu. Da dare sanyi ya sauko irin wanda ke sa mutum ya nemi bargo biyu, amma ɗakin, da yake na ƙasa ne mai kauri, ɗumin rana bai gama fita daga bangonsa ba har asuba. Na tuna shagunan da muke ginawa a Kaduna da bulo inci shida da kwano mara silin, waɗanda da rana mai shago ke gudowa waje da kujerarsa, sukari na narkewa, magani na lalacewa a kan kanta. Waɗancan maginan ba su da fanka ba su da lantarki, sai suka sa tsayi da kauri da baranda da ramin iska su yi aikin.

Da safe bayan koko da ƙosai Baba ya aika aka kira Sarkin Magina, tsoho mai ƙarfin jiki, hannunsa kamar icce. Na ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, bangon nan zai tashi?" Ya sa yatsa cikin ramin da na ɓalle, ya murza ƙasar, ya sansana, ya ce, "Zai tashi in an cire masa rigar nan. Amma ba a cire ta rana ɗaya." Abin da ya zayyana ya yi daidai da abin da na rubuta da dare, har ya fi. Rufi ake fara gyarawa, domin duk aikin da aka yi a ƙasa ruwa na zuba daga sama asara ce. Sai a kwashe lambatu, a sassabe ƙasar da ta taru a gindin bango, a yi gangare mai faɗin taku ɗaya da rabi yadda ruwa zai gudu daga gini. A nemo surin garar a tone shi. Kafin a taɓa bangon gabas a tokare azara daga ciki da sanduna. Sannan a ɓare simintin kaɗan-kaɗan, kamu biyu a lokaci guda, a bar wurin ya sha iska, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a cike da sabon tubali da kwaɓi. Wanda ya buɗe gindin bango gaba ɗaya a rana ɗaya, bangon zai zauna a kansa.

Kan ƙasar kwaɓi muka daɗe. Ya ce a ɗebo daga kududdufin da aka gina garin da shi, a cuɗa da ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake, a bar ta ta kwana uku zuwa bakwai ana juyawa. Ni kuma na nuna musu gwajin kwalba: a zuba ƙasa zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, laka a sama. In laka ta yi yawa yaɓe zai tsattsage, sai a ƙara yashi, in ta yi kaɗan zai zube, sai a ƙara jar ƙasa. Yaɓen kansa hawa-hawa ake yi, kowane hawa kada ya wuce kaurin yatsa, a bar shi ya sha iska kafin a ƙara. Da hunturu iska na busar da shi da gaggawa, don haka a rataya jiƙaƙƙun buhuna a gabansa. Na tambaye shi laso, wato shafen da ake yi wa bango da soro don hana ruwa shiga. Ya yi murmushi ya ce rabonsa da haɗa shi an daɗe: katsi ake samowa daga marina, a ƙona a daka, a haɗa da gashin akuya daga majema da ruwan dafara, kuma in ya kamu yakan yi shekara biyar. Yanzu marinar garin ta mutu, sai dai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita kuwa tana son sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu. Azara ma ta yi wuya, kuma ya ja kunne cewa ba a ba ta gudun da ya wuce ƙafa shida ba tare da an tallafe ta ba. Yaransa biyu duk bulon siminti suke bugawa.

Ga tsagar kanti na uku kuwa, na shafa ɗan siminti siriri a wurare uku a kan tsagar, na rubuta kwanan wata a gefe. In bayan wata ɗaya ya tsage, bangon yana tafiya, sai a tokare shi nan take. In bai tsage ba a sake dubawa bayan damina. Ko ta yaya dai sai an sa ƙarfe ko kankare a saman ƙofar, ya shiga bango aƙalla inci tara kowane gefe.

Muna cikin haka wani jikan gidan, matashi mai sayar da wayoyi a Kaduna, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma filin nan in aka share shi shago goma zai fita, kowanne da kuɗin hayarsa. Tarihi ba ya biyan kuɗin makaranta." Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ban ga laifinsa ba. Magada goma sha ne, kowa da buƙatarsa. Abin da na ce masa shi ne a yi lissafin duka biyun a takarda. Na huɗu ya riga ya tafi, a auna shi, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska, a tsince azara da ƙofarsa don gyaran na biyu, sannan a gina sabo a wurin, amma a bi layin barandar da tsayin rufin sauran. Na farko kuwa ko yau mai sayen hatsi zai kama hayarsa, domin sito mai sanyi da ɗagaggen daɓe shi masara ke so. Ginin da ake buɗewa kullum ana sharewa, shi ake ganin yoyonsa tun yana ɗigo. Wanda aka kulle don ana jin tausayinsa, damina uku ta ishe shi.

Ya tambaya ko gwamnati ba ta da wani tallafi ga irin wannan. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, kamar yadda aka yi wa gadar Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 daga baya aka kawo ta Kaduna. Amma ginin da ba a ayyana ba yana hannun masu shi ne kawai. Ko wanda aka ayyana ma ba ya tsira sai da masu tsaya masa: wani tsohon gini mai suna Ilojo Bar a Ikko yana cikin jerin tun 1956, amma a 2016 aka wayi gari an rushe shi. Mu a Kaduna mun ga yadda fuskar gari ke sauyawa cikin 'yan shekaru, musamman tun aikin sabunta birni da aka fara a 2019. Hanyoyi sun faɗaɗa, kasuwanni sun zama benaye, an samu sauƙin zirga-zirga. Sai dai da yawa daga tsofaffin shaguna sun tafi ba tare da an auna su ko an ɗauki hotonsu ba, abin da ya rage sai suna, kamar yadda ake cewa shataletalen Leventis. Ƙauye ya fi mu sa'a ta wannan fuska, domin rashin kuɗin rushewa ya bar musu abin da mu muka rasa.

Kafin in tafi mun ɗauki hoton littattafan bashin shafi-shafi da wayar matashin nan, shi da kansa ya riƙe fitila. Na ce a fitar da su daga akwatin ƙarfe, wanda ke gumi da damina, a naɗe su da farin ƙyalle a ajiye a sama, nesa da bango, kada a sa su a leda. Na kuma roƙe shi ya zaunar da Baba ya naɗi muryarsa yana faɗin wane ne ya riƙe wane kanti, da abin da ake sayarwa a ciki, da shekarar da aka ɗora kwano a kan soron. A shafi na arba'in da wani abu ya tsaya, ya kira kakansa ya karanta masa wani layi na ajami. Sunan kakan mahaifiyarsa ne, ya ɗauki fitilar ƙwai ɗaya da yadi shida na akoko, an soke bashin da jan alƙalami.

Bayan azahar na hau mota zuwa Pambeguwa a kan Naira 1,500, daga can na sami wata zuwa Kawo a kan Naira 4,000. Direban ya ƙi jiran cikon mutum ɗaya, ya ce ba ya son magariba ta same shi a dajin da ke kafin Mararraban Jos, fasinjoji muka haɗa masa kuɗin kujerar. Shinge huɗu muka wuce. Duka tafiyar, da abinci da keke da ɗan abin da na ba Sarkin Magina na goro, ta ci mini kusan Naira 20,000. Baba ya sa an ɗora mini rabin buhun masara da rake biyar a bayan mota, ya ce in dawo bayan wata ɗaya mu duba simintin da na shafa a kan tsagar.